Tantance shaida da ikon shiga

Tantance shaida da ikon shiga, wanda ake taƙaitawa da IAM a Turanci, tsari ne da ma'aikatu, bankuna da makarantu ke bi don tabbatar da ko wane ne ke neman shiga kwamfutocinsu, da kuma ƙayyade abin da aka yarda ya taɓa bayan ya shiga. Tsarin ya shafi mutane da na'urori baki ɗaya.

Yadda yake aiki

Matakin farko shi ne tantancewa. Ana yin ta da abin da mutum ya sani, kamar kalmar sirri, ko abin da yake riƙe da shi, kamar kati ko waya, ko wani sashe na jikinsa, kamar zanen yatsa. Haɗa biyu daga cikinsu ya fi dogaro da ɗaya tsaro. Mataki na biyu shi ne izini: a ba kowa gwargwadon aikinsa, a kuma rufe asusunsa da zarar ya bar aiki. Ma'aikacin da ke shigar da sunaye a takardar albashi, alal misali, bai kamata ya zama shi ne mai amincewa da biya ba.

Shaidar na'ura

Na'urori ma suna da shaida. Idan mai sana'ar POS a kasuwar Daura ko ta Mai'adua ya saka katin abokin ciniki, lambar sirri ce ke tantance mai katin, ita kuma na'urar tana da tata lambar da banki ya san ta da ita. Manyan kwamfutoci suna gane juna ne da takardar shaida ta dijital mai wa'adi. A Disambar 2018 wa'adin irin wannan takarda ya ƙare a manhajar kamfanin Ericsson, abin da ya katse intanet ɗin waya ga miliyoyin masu layin O2 a Birtaniya.

A Najeriya

An kafa hukumar NIMC da dokar 2007, kuma ita ke ba da lambar NIN mai alƙaluma 11. Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da BVN a Fabrairun 2014. A Disambar 2020 gwamnati ta umarci a haɗa layukan waya da NIN, sannan daga 2021 JAMB ta sa NIN ta zama sharaɗin rajista. Saboda haka ɗalibin da ke neman gurbi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura ko Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke garin sai ya fara mallakar lambar. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk ma'aikatar da ke riƙe da irin waɗannan bayanai alhakin tsare su.

Haɗarin sakaci

Asusun da aka daina amfani da shi ba a rufe ba yakan zama ƙofar ɓarayi. A 2021 masu kutse sun shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ta wani tsohon asusu da ba shi da kariya sai kalmar sirri kaɗai. Aikin bututun ya tsaya kwanaki, kamfanin kuma ya biya fansar kimanin dala miliyan 4.4.