Masu Hawan Jigo a Gaɓar Accra

Idan ana ba da tarihin zangunan Accra, birnin da Hausawan dā ke kira Ankara, an fi kawo labarin ƙafa da jaki: fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro, suka yada zango a Salaga, daga baya zuriyarsu ta gangaro kudu. Mazaunin Nima ko Mamobi ba ya jin ƙugin teku daga ɗakinsa, saboda haka ba abin mamaki ba ne idan ya manta cewa wani sashe na Musulmin farko na wannan birni ta ruwa ya iso. A shekarar 1836, bayan boren da bayi Musulmi suka yi a Bahia ta ƙasar Barazil a watan Janairun 1835, wasu 'yantattun bayi suka sauka a Accra, aka ba su masauki a unguwar Otublohum. Su ne ake kira Tabom. Da yawansu Musulmi ne, kuma Bahia ɗin da suka baro ta san Hausawa sarai, domin su suka shirya yunƙurin tawaye na 1807. Jiragen da ke ƙetare tekun Atlantika tsakanin Barazil da wannan gaɓa a lokacin ba su da inji. Iska ce ke tura su, ta hanyar manyan ƙyallayen tamfol da ake kira filafilai, waɗanda ke rataye a jikin jigo.

Kalmar jigo ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Manomin fadama ya san ta a matsayin itacen da ke ɗauke da guga wajen ban ruwa, ɗalibin adabi kuma ya san ta a matsayin manufar da waƙa ko labari ya ginu a kai. A jirgi, jigo shi ne dogon itacen da ke tsaye, wanda duk nauyin filafilai ke kansa.

Accra ba ta da tashar da babban jirgi zai shiga ya fake. Jirage kan saki anka a can nesa da gaɓa, daura da ganuwar James Fort da Ussher Fort, sai kwale-kwale su yanko raƙuman ruwa su kwashi mutane da kaya. Haka aka ci gaba har bayan da aka mayar da hedikwatar mulki daga Cape Coast zuwa Accra a 1877. Tashar Takoradi sai a 1928 aka buɗe ta, ta Tema kuwa sai 1962. Ma'anar wannan ita ce, duk igiyar da ta tsinke a sama, duk filafilin da guguwar farkon damina ta yaga, dole a gyara su jirgi na tangaɗi a kan ruwa.

A nan haɗarin yake. Tangaɗin da wanda ke ƙasa zai ji kaɗan, a ƙololuwar jigo ya ninka. Idan jirgi ya karkata da digiri 10 kacal, mutumin da ke tsayin mita 30 zai yi lilo na kimanin mita 5 zuwa gefe guda, sannan ya dawo ya yi wasu 5 zuwa ɗaya gefen. Wanda ya saba hawan giginya aƙalla ya san itacensa ba zai gusa ba.

Ma'aikatan jirgi sun tara dabarun tsira sannu a hankali. Manyan igiyoyin da ke riƙe jigo daga gefen jirgi an ɗaura musu ƙananan igiyoyi a gicciye, suka zama tsani. Ƙa'ida ita ce a taka ƙananan, amma hannu ya kama manyan, domin ƙaramar igiya na iya ruɓewa ta tsinke ba sanarwa. Ana kuma hawa ta gefen da iska ke busowa, don ta manna mutum da tsanin maimakon ta fizge shi. A ƙarƙashin gungumen da ke gicciye a jikin jigo akwai igiyar takawa, mutum ya ɗora ƙafa a kai, ya kifa cikinsa a kan gungumen, hannuwansa su sami damar aiki. Sabon zuwa kan yi magana kafin ya taka, saboda nauyinsa zai girgiza waɗanda suka riga shi. Idan aikin mai daɗewa ne, kamar shafa kwalta ko kankare itace, sai a zaunar da mutum a kan ɗan allo mai igiya a janye shi sama. Wuƙa da sauran kayan aiki duk a ɗaure suke da jikinsa, don guduma da ta kuɓuce daga can tana iya kashe wanda ke ƙasa. A tsakiyar ƙarni na 19 aka fara raba babban filafilin sama gida biyu, aikin naɗe shi ya yi sauƙi. Sai dai masu jirage sun fi murna da ragin albashin da hakan ya kawo musu fiye da ragin haɗarin.

A wannan gaɓa, mutanen Kru na Laberiya ne suka yi fice a aikin jirgi. Jiragen Turawa kan ɗauke su a hanya, su yi aikin da zafi da zazzaɓi suka hana baƙi, har suka kafa unguwanni a garuruwan gaɓa daga Freetown zuwa Legas. Ko da jiragen tururi suka fara zirga-zirga a kai a kai daga 1852, ba a jefar da jigo nan take ba, domin na farkonsu na haɗa inji da filafilai. Zuwa lokacin da Alhassan Ɗantata ke loda goro a jirgi daga gaɓar Gold Coast zuwa Legas, a farkon ƙarni na 20, hayaƙi ya riga ya ci kasuwar.

Masu ƙananan jiragen iska na yau sun gaji allon nan na zama, sun ƙara masa ɗamarar mahaya duwatsu. Igiya biyu ake ɗaura wa mai hawa, ɗaya ta ja shi, ɗaya ta tsare shi idan ta farkon ta ci amana, kowace da mai riƙonta. Ƙulli ake yi da hannu, ba a dogara da maƙalin ƙarfe mai buɗewa da kansa ba, kuma kafin a ɗaga shi yakan saki nauyinsa duka a kan igiyar yana dab da ƙasa, a ga ko za ta ɗauka.