Yadda gawo ya dawo gonakin Maraɗi

Dokar daji ta 1935 ta sa itatuwa a hannun hukumar Faransawa, sai manomi ya daina renon abin da ba nasa ba. Farin shekarun 1970 ya tarar da gonaki tsirara, iska tana binne shuka. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki a Maraɗi, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa suna da rai. Bayan yunwar 1984 manoma suka riƙa barin tohonsu mai ƙarfi suna rage sauran: sassaben zamani ke nan. Gawo, mai kaɗe ganye da damina, ya dawo yana takin hatsi. A 2009 an ƙiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo.