Garkuwa da bayanai: shin a biya kuɗin fansa?

Garkuwa da bayanai wani nau'in damfara ne da ɓarayin intanet ke yi. Suna kutsawa cikin kwamfutocin banki, asibiti ko ma'aikata, su kwashe bayanai kamar sunayen abokan hulɗa, lambobin waya da takardun asusu, wani lokaci su kulle na'urorin gaba ɗaya. Daga nan sai su nemi kuɗin fansa, galibi da Bitcoin, tare da barazanar watsa bayanan idan ba a biya ba. Sau da yawa hanyar shigarsu ita ce saƙon imel na yaudara, ko lambar sirri mai sauƙin ganewa, ko tsohuwar manhajar da ba a sabunta ba.

Waɗanda suka biya

A watan Mayun 2021 kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ya biya kusan dala miliyan 4.4, kuma hukumar FBI ta ƙwato wani ɓangare daga baya. A 2024 kamfanin Change Healthcare ya biya dala miliyan 22, wato kimanin miliyar 13 na sefa, amma wani gungu ya sake fitowa da bayanan yana neman ƙari. A shekarar ce kuma 'yan sandan Ingila suka kutsa cikin na'urorin gungun LockBit, suka tarar da bayanan waɗanda suka riga suka biya ba a goge su ba.

Waɗanda suka ƙi

Ƙin biya ma yana da tsada. A 2022 kamfanin inshorar lafiya na Medibank a Ostareliya ya ƙi biya, ɓarayin suka wallafa bayanan rashin lafiyar abokan hulɗarsa. Duk da haka, FBI da Europol na ba da shawarar kada a biya, domin babu tabbacin ɓarawo zai cika alkawari, kuma kuɗin ne ke ƙarfafa shi ya kai wani harin.

Abin da doka ta ce a Nijar

Doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yulin 2019 ta haramta kutse cikin na'urar wani da satar bayanai. Ana kai ƙara sashen yaƙi da laifukan intanet na 'yan sandan bincike, wato PJ, a Yamai. An kuma kafa hukumar HAPDP domin kula da kare bayanan sirri na jama'a.

Matakan farko

Wanda abin ya shafa ya cire na'urar daga intanet, ya adana saƙon barazanar a matsayin shaida, ya canza lambobin sirri, ya sanar da mutanen da aka sace bayanansu don kada a damfare su. Shafin No More Ransom, da aka buɗe a 2016, na ba da makullan buɗe wasu fayiloli kyauta. Ajiye kwafin bayanai a na'urar da ba ta haɗe da intanet shi ne babban rigakafi.