Allura da Hanya: Tarihin Lifidi da Ɗinkin Maho a Ƙasar Tasawa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da ke raba lokacin hutunsu gida biyu. Idan sanyi ya tsananta sai su zauna gaban keken ɗinki suna harhaɗa guntayen ƙyallaye, su shimfiɗa auduga tsakanin yadi biyu, su bi da ɗinki har ya zama bargo. Idan gari ya yi ɗumi kuma sai su saɓa jaka su shiga duwatsu da ƙafa, ko su tuƙa ɗan jirgin ruwa na mutum ɗaya da ake kira kayak. Duka biyun nishaɗi ne a wurinsu. A Maijirgi, garin da ke gabas da Tasawa a bakin babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta nufi Damagaram, an san irin wannan ɗinki kuma an san doguwar tafiyar ƙasa tun kaka da kakanni. Sai dai a nan larura ce ta haɗa su. Allura ita ce ke shirya mutum da dabbarsa kafin su kama hanya, ko ta fatauci ko ta yaƙi.

Lifidi, garkuwar auduga

Babban aikin da allurar Bahaushe ta yi a wannan fanni shi ne lifidi. Ana samun ƙyalle mai ƙwari a ninka shi biyu, a cusa auduga ko audugar rimi a tsakani, sannan a bi da ɗinki layi-layi domin kada cushen ya taru wuri guda. Da shi ake lulluɓe doki daga wuya har gwiwa, mahayin ma ya sa nasa, ya ɗora kwalkwali a ka, wani kuma ya ƙara da sulke. Masana harshe suna danganta kalmar da ta Larabci, libd, wato gashin dabba da aka danne ya zama shimfiɗa. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1390 zuwa 1410, shi ne sarkin Hausa na farko da ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke a yaƙi.

Hikimar abin tana cikin makaman zamanin. Mafi yawan dakaru ƴan baka ne, kuma kibiyoyinsu shafe suke da dafi. Kibiya mai dafi ba ta buƙatar shiga da zurfi, ƙwarzane kawai ya isa ya kayar da doki. Idan ta faɗa kan lifidi sai ta maƙale a cikin auduga, ba ta kai ga fata ba. Shi ya sa ake sa ƴan lifidi a gaba su fasa sahun abokan gaba, ko su kewaye sarki. Amma kayan na da aibinsu. Suna da nauyi da zafi, dokin ba ya iya dogon gudu, mahayin da ya faɗi kuwa da wuya ya tashi sai an taimake shi. Auduga kuma abincin wuta ce, don haka maharba suka riƙa harbin ƴan lifidi da kibiya mai wuta.

Ƙasar Tasawa ta san waɗannan kaya sosai a ƙarni na 19. Bayan da Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautar Katsinawa ya yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri wajen 1836. Daga nan aka shafe shekaru da dama ana kai hari ana mayarwa tsakanin waɗannan garuruwa da daular Sakkwato, ga kuma Damagaram a gabas tana ƙara ƙarfi. Tasawa da ƙauyukanta suna tsakiyar wannan dambarwa. Duk bafaden da ke da doki yana buƙatar maɗinki da baduku kamar yadda yake buƙatar maƙeri.

Ɗinkin talaka da na matafiyi

Lifidi kayan fada ne, mai tsada. Talaka yana da nasa ɗinkin, wanda marubutan tarihi ba su cika kula da shi ba. Fataken da ke tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni suna taka ƙasa a ƙarƙashin jagorancin madugu, kuma kusan duk abin da ke sauƙaƙa musu tafiyar ɗinkakke ne: akumarin da ake cusawa domin kada kaya su ji wa jaki ciwo a baya, da taikin da ake zuba hatsi, da salkar ruwa. Ɗan alaro kuma tsumma yake naɗewa ya yi gammo. Haka alhazan da suka bi ta Barno da Wadai da Sudan a ƙafa, wasu shekaru suka yi a hanya da riga guda. Duk inda ta yage sai a sa mata maho, har a rasa gane wane ne ƙyallen asali. A zamanin da kowane ƙyalle sai an kaɗa zarensa da mazari, an saƙa shi fari-fari a masaƙa, babu wanda ke zubar da guntu.

Maho ya taɓa zama alamar daraja. Sufaye sun daɗe da ɗaukar riga mai maho a matsayin shaidar gudun duniya. Mabiya Mahadi na Sudan, daga 1881 zuwa 1898, sun mayar da ita kayan soja, farar jibba da aka manna wa ƙyallaye masu launi a tsare. A Senigal kuma ƴan Bay Fal, almajiran Shehu Ibra Fal, har yanzu da tufafin harhaɗe ake gane su.

Shekarar 1851

Sunan Maijirgi na ɗauke da jirgi, amma ƙasar ba ta da kogin da jirgi zai bi. Gulbin Kaba da ya ratsa ta Mayahi busasshen kwari ne mafi yawan shekara. Duk da haka, labarin jirgin ruwa ya gitta ta wannan yanki. A 1850 gwamnatin Ingila ta aiko da Turawa uku daga Tarabulus: James Richardson, da Jamusawa biyu, Heinrich Barth da Adolf Overweg. Cikin kayansu har da jirgin ruwa da aka ƙera a tsibirin Malta, aka rarraba shi gunduwa-gunduwa aka ɗora wa raƙuma, suka ƙetare Sahara da shi. A watan Janairu na 1851 suka rabu a Damargu. Richardson ya nufi Damagaram, bai kuwa kai Kukawa ba ya rasu a watan Maris. Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka a Tasawa, ya bayyana kasuwarta da marinarta a littafinsa, sannan ya wuce Gazawa da Katsina da Kano. Overweg ya ziyarci Maraɗi da Gobir, daga baya ya isa Barno, aka harhaɗa jirgin, ya shiga Tafkin Cadi da shi a daminar wannan shekara, ya zaga tsibiran Buduma. A bakin tafkin ya rasu a 1852.

Masu ruwa na Afirka ba su jira jirgin Malta ba, kuma abin lura shi ne su ma ɗinki suke yi. René Caillié, Bafaranshen da ya bi kogin Kwara daga Jenne zuwa Tambutu a 1828, ya shiga babban jirgin da aka ɗinke katakansa da igiya. Shi kansa kayak, asalinsa na mutanen Inuwit ne na ƙasashen ƙanƙara, kuma matansu ne ke ɗinka fatun dabbobin teku a lulluɓe ƙirar jirgin da su. Bai zama abin wasan Turawa ba sai bayan da John MacGregor ya zaga kogunan Turai da ɗan jirginsa a 1865, ya kafa ƙungiyar matuƙa a 1866.

A watan Agusta na wannan shekara ta 1851, can a Amurka, Isaac Singer ya sami takardar mallakar keken ɗinkinsa. Ba shi ne na farko ba. Wani tela Bafaranshe, Barthélemy Thimonnier, ya riga shi tun 1830, amma a 1831 telolin Paris suka far wa ma'aikatarsa suka farfasa kekunan, don tsoron kada abincinsu ya ƙare. Lokacin da Barth yake kallon marinar Tasawa, na'urar da za ta sauya sana'ar maɗinkan garin tana gab da shiga kasuwannin duniya.

Yuli 1899

Kafin keke ya iso, bindiga ta riga shi. A farkon 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine ta tashi daga bakin Kwara ta nufi Tafkin Cadi. Ta yi yaƙi da Sarauniya Mangu a Lugu a watan Afrilu, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla a watan Mayu, tana ƙone garuruwa tana kwasar bayi. Gwamnatin Faransa ta aiko Kanar Klobb ya karɓe ragamar rundunar, sai Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli. Sojojin Afirka da ke cikin rundunar suka juya wa shugabanninsu baya, aka kashe Chanoine ranar 16, Voulet kuma ranar 17. A Maijirgi aka yi musu kaburbura. A 1923 Robert Delavignette, jami'in mulkin mallaka a Tasawa, ya sa aka tone su, aka tarar babu kowa a ciki.

Ragowar rundunar ta ci gaba, kuma a ƙarshen watan Yuli ta karya mayaƙan Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga a Tirmini. Ranar 15 ga Maris 1903 dawakin Sakkwato suka gamu da irin wannan ƙaddara a gaban bindigogin Ingilishi. Audugar da ta yi ƙarni biyar tana tare kibiya ba ta iya tare harsashi ba. Daga nan lifidi ya bar fagen fama ya koma na hawan salla, inda ake ganin ƴan lifidi a ayarin sarakuna. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya.

Zamanin keke

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kantunan Turawa suka bazu, cinikin gyaɗa ya haɗa Maraɗi da Tasawa da kasuwannin kudu. Ta wannan hanya yadin kanti da keken ɗinki suka shigo, na Singer da farko, daga baya na Sin irin su Butterfly. Keke ya rage tsadar riga, ya kuma haifar da tela, wanda ya bambanta da maɗinkin da. Har yau ana bambanta aikin keke da aikin hannu a farashin babbar riga. Mota ta kashe ayarin fatake, gwanjo ya sa riga ta yi arhar da mutane da yawa ba sa tsayawa yi mata maho, katifar soso kuma ta ture ta audugar rimi. Abin da ya rage shi ne guntayen atamfa da teloli ke tarawa a ƙarƙashin keke, su harhaɗa su yi zanen gado ko kayan yara, aikin da ake yi wa kallon na marar hali.

Wannan kallon yana iya sauyawa. A ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama a Amurka, mata jikokin bayi sun daɗe suna ɗinka barguna da tsofaffin wandunan aiki da buhunan hatsi, saboda sanyi da talauci. A 2002 aka baje kolin bargunansu a gidan adana kayan fasaha na Houston, sannan a New York, masana suka jera su da manyan ayyukan zane na zamani. Ɗinkin bai canza ba. An dai sami waɗanda suka rubuta sunayen matan, suka tattara tarihin kowane bargo.

Irin wannan aiki ne ke jiran malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu na Tasawa da Mayahi. Baƙon da ya tsaya a Maijirgi kaburburan Turawa biyu ake nuna masa, alhali tarihin mutanen ƙasar yana cikin fadojin Tasawa da Maraɗi da Tsibiri, da bakin tsofaffin dukawa da teloli da masu kula da dawakin sarki. Ɗaliban kwaleji suna iya zuwa wurinsu da littafi da alƙalami, su rubuta sunan kowane sashe na kayan doki, da irin cushen da ake sawa, da tazarar ɗinki, da sunan wanda ya koya wa wane. Abin da aka tattara a bar kwafinsa a makaranta, a kai wani gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai. Waɗanda suka ga lifidi a fagen yaƙi sun daɗe da ƙarewa, amma jikokinsu da suka ji daga bakinsu suna raye, kuma yawancinsu sun haura shekara saba'in.