Ƙauyen Aro: Tarihin Asibitin da Ya Mai da Zumunci Magani

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a ƙasar Yarabawa, ko da na ɗan lokaci ne, zai ji ana ambaton Aro a tasha ko cikin kasuwa. Da zarar cacar baki ta kaure tsakanin direba da yaron mota, sai ka ji ɗaya ya ce wa ɗaya Aro ce ta dace da shi. Mutanen Legas kan ambaci Yaba, kamar yadda Kanawa kan ambaci Dawanau. Dukkansu sunayen wurare ne da ake jiyyar masu taɓin hankali, amma bakin jama'a ya mai da su ashar da abin ba'a. Abin da da yawa daga cikin masu wannan ba'a ba su sani ba shi ne, a Aro ɗin nan, kusa da Abekuta, aka yi wani gwaji wanda ya sa likitocin duniya suka waiwayo suka dubi Nijeriya. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka yi wannan gwaji, da abin da ya gada, da abin da ya bari, sannan ta dubi yadda adabi da zancen yau da kullum suka ɗauki mai wannan larura.

Zamanin Sarƙa da Mari

Kafin zuwan Turawa, kowace al'umma a ƙasar nan tana da nata hanyoyin kula da wanda hankalinsa ya gushe. Yarabawa suna da babalawo da masu maganin gargajiya, Hausawa suna da malamai da bokaye da 'yan bori. A cikin waɗannan hanyoyi akwai lallashi da addu'a da saiwoyi masu sanyaya jiki, akwai kuma mari da bulala. Ba dukkansu ne abin yabo ba, amma kusan dukkansu sun haɗu a kan abu guda: mara lafiya yana hannun danginsa, su suke kai shi, su suke jiyyarsa.

Gwamnatin mulkin mallaka ta kalli lamarin ta fuskar tsaro ne kawai. Da farko wasu daga cikin waɗanda aka kama a titunan Legas akan tura su gidan mahaukata na Kissy a Saliyo, sauran kuma a ajiye su a kurkuku tare da ɓarayi. A farkon ƙarni na 20 aka buɗe gidan ajiye su a Kalaba, sannan a shekarar 1907 aka buɗe na Yaba a wani tsohon ginin hukumar jiragen ƙasa. A 1916 aka kafa dokar mahaukata, wadda ta ba likita da majistare ikon tsare mutum. Waɗannan gidaje ba asibitoci ba ne a ma'anar da muka sani. Cunkoso ya yi yawa, magani kuwa kusan babu, kuma rahotannin jami'an gwamnatin kansu sun sha kokawa da halin da ake ciki. A 1944 aka mai da wani tsohon gidan yari da ke Lantoro a Abekuta wurin ajiye masu wannan ciwo, cikinsu har da sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu da ruɗewar hankali.

Bayan ƙuncin gini akwai kuma ƙuncin tunani. A 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga wani littafi na J. C. Carothers, likitan da ya yi aiki a asibitin Mathari na Kenya, a kan tunanin mutumin Afirka. Shi wannan likita ya kai ga kwatanta lafiyayyen baƙar fata da Baturen da aka yi wa tiyata aka datse masa jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa. Irin wannan ra'ayi shi ne ya cika littattafan ilmin a lokacin da wani matashi ɗan Abekuta ya kammala karatunsa a Ingila.

Dawowar Lambo

An haifi Thomas Adeoye Lambo a Abekuta a 1923. Ya karanci aikin likita a Jami'ar Birmingham, sannan ya ƙware a kan cututtukan ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley da ke Landan. Shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya sami wannan ƙwarewa. A 1954 ya komo gida aka damƙa masa sabon asibitin da ake ginawa a Aro, sai dai ya tarar ɗakunan kwanciya ba su kammalu ba, ma'aikata kuma 'yan ƙalilan ne. Bugu da ƙari, jama'a suna tsoron wurin, domin a saninsu wanda ya shiga gidan mahaukata na gwamnati da wuya ya fito.

Maimakon ya zauna jiran magina, Lambo ya nufi dattawan ƙauyukan da ke kewaye da asibitin ya roƙe su alfarma guda: su ba marasa lafiya hayar ɗakuna a cikin gidajensu. Ba ƙaramar magana ba ce a ce wa magidanci ya kwana gida ɗaya da wanda ake kira mahaukaci, ga mata ga yara. An ɗauki lokaci ana shawarwari kafin su amince, kuma a watan Oktoba na 1954 shirin ya fara aiki. A hankali ya game ƙauyuka 4, har ya kasance suna iya ɗaukar marasa lafiya 200 zuwa 300 a lokaci guda.

Yadda Tsarin Yake

Sharaɗi na farko shi ne, ba a karɓar mara lafiya shi kaɗai. Dole ya zo da ɗan'uwa aƙalla guda, ko uwa, ko ƙanwa, ko goggo, wanda zai dafa masa abinci, ya wanke masa tufafi, ya raka shi asibiti da safe ya komo da shi ƙauye da yamma. A asibiti akan yi masa maganin zamani irin na wancan lokaci, wato jiyya da wutar lantarki, da allurar insulin, da kuma sababbin ƙwayoyi irin su kuloforomazin, wadda aka fara amfani da ita a Faransa a 1952. Da dare kuma akwai ma'aikacin jiyya a ƙauyen domin ko ta kwana. Su kuwa mutanen ƙauye, ban da kuɗin haya, sun sami ayyukan yi a asibiti, da ruwan famfo, da rance don ƙara ɗakuna. Akan kuma zauna taro a kai a kai tsakanin dattawa da ma'aikata don sasanta abin da ya taso.

Hikimar wannan tsari tana cikin abin da ya hana faruwa. Mutumin da aka kulle shekara da shekaru yakan manta yadda ake gaisuwa, da ciniki, da zama cikin mutane, har ya zamana ko ciwon ya lafa ba shi da inda zai koma, domin dangi sun riga sun saba da rashinsa. A ƙauyen Aro kuwa mara lafiya yana jin carar zakara, yana zuwa kasuwa, yana cin tuwon da hannun uwarsa ya tuƙa. Ita ma uwar tana gani da idonta yadda sauƙi ke samuwa, tana koyon alamomin tashin ciwon, tana kuma haɗuwa da wasu iyaye masu irin damuwarta. Ran da aka sallame shi, ba baƙo za ta kai gida ba. Masu iya magana sun ce zumunci a ƙafa yake. Lambo ya mai da wannan magana ƙa'idar asibiti.

Abu na biyu da ya jawo masa surutu shi ne ɗaukar wasu masu maganin gargajiya su yi aiki tare da shi. Hujjarsa ita ce, mara lafiyar da ya yi imani sammu aka yi masa ba zai natsu da bayanin likita kaɗai ba, kuma ko an hana shi a fili zai je wurin boka a ɓoye. Gara a san wanda yake zuwa wurinsa da abin da ake ba shi. A wannan fage yana da abokin tafiya a Sudan, wato Dakta Tijjani al-Mahi, wanda shi ma ya nazarci aikin shehunai da masu zar, al'adar da ta yi kama da bori a wurinmu.

A fagen rubutu kuma Lambo ya tunkari ra'ayin su Carothers kai tsaye, inda ya nuna cewa rubuce-rubucensu sun fi kusa da ƙagaggun labarai masu warin wariyar launin fata bisa ga kimiyya. A 1961 ya karɓi baƙuncin taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a Abekuta. A 1963 shi da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell da abokan aikinsu suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a ƙasar Egba, wanda ya nuna cewa irin damuwa da baƙin ciki da fargabar da ke addabar mutanen wani yanki na Kanada, su ne dai ke addabar manoman Yarabawa, sai dai kowa da yadda yake faɗin ciwonsa. Daga baya ya zama shugaban Jami'ar Ibadan daga 1968 zuwa 1971, sannan Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988. Ya rasu a 2004.

Inda Gizo Ke Saƙar

Ba daidai ba ne a mai da tarihin Aro tatsuniya. Tsarin ya ginu ne a kan ƙauye mai noma da gida mai yawan jama'a, inda za a iya sakin mace guda ta yi wata uku tana jiyya ba tare da tukunya ta mutu ba. Nauyin kuwa galibi a kan mata ya faɗa. Da birane suka bunƙasa, aikin albashi ya yawaita, samun mai zaman jiyya ya yi wuya. Abekuta kanta, bayan ta zama babban birnin Jihar Ogun a 1976, ta faɗaɗa har ta haɗiye ƙauyukan. Haka nan wanda ba shi da kowa, wato mai yawo a titi, tun farko tsarin bai yi masa tanadi ba.

Wani babban bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙasashe 9, wanda Ibadan na cikin cibiyoyinsa, ya nuna a shekarun 1970 cewa masu ciwon da likitoci ke kira sikizofireniya sun fi samun sauƙi a Ibadan da Agra ta Indiya bisa ga biranen Turai. Mutane da yawa sun danganta wannan ga ƙarfin dangi. Amma masu bincike na baya, har da 'yan Nijeriya, sun ja hankali cewa gidan da ke rungumar mara lafiya shi ne kuma wani lokaci ke ɗaure shi a ɗaki don gudun abin kunya. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan yadda ake ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a wuraren jiyya daban-daban na ƙasar nan. Ita kuwa dokar mahaukata ta 1958, jikanyar ta 1916, ba a maye gurbinta ba sai a watan Janairu na 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa.

Mahaukaci a Idon Adabi

A nan ne ɗalibin adabi yake da abin cewa. Chinua Achebe, a cikin tarin gajerun labaransa na 1972, ya kawo labarin Nwibe, magidanci mai rufin asiri da ke shirin karɓar sarautar ozo. Yana wanka a rafi sai wani mahaukaci ya ɗauke masa zane ya sheƙa. Nwibe ya bi shi tsirara yana ihu har cikin kasuwa. Jama'a suka ga mai zane yana gudu, marar zane yana bin sa, nan take suka yanke hukuncin wane ne mahaukacin. An kai shi wurin mai magani, an ce ya warke, amma sarautar ta kuɓuce masa, bakinsa kuma ya mutu a cikin taro. Abin da Achebe ya gano shi ne abin da Lambo ya gano: rabin ciwon yana cikin idon maƙwabta. Bambancinsu kawai, marubucin ya nuna yadda idon jama'a ke kashe mutum da ransa, likitan kuma ya gwada ko idon nan zai iya raya shi.

Finafinan bidiyo da suka yaɗu tun daga shekarun 1990, na kudu da na arewa, galibi sun bi wata hanya dabam. A cikinsu hauka sakayya ce: wanda ya yi tsafin kuɗi ko kishiyar da asirinta ya koma kanta, su ne ake nunawa cikin tsumma a kan juji, yara na jifa. Mai kallo yakan tashi da darasin cewa duk wanda ya zautu da abin da ya shuka. Da wuya a ga mai jego da baƙin ciki ya rufe bayan haihuwa, ko ɗalibin da ya daina barci, ko magidancin da ke shan maganinsa yana zuwa aiki lafiya lau. Harshenmu ma yana da nasa laifin. Muna cewa hauka ba ya warkewa sai dai rangwame, kuma da wannan magana aka fasa aure da yawa, aka hana mutane da yawa komawa bakin sana'arsu.

Kammalawa

Asibitin Aro yana nan a matsayin asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya, yana da takwarori a Yaba da Kaduna da Kware da Maiduguri da wasu garuruwa. Ƙauyen da Lambo ya sani kuwa birni ya ci shi, kuma babu mai iya mai da hannun agogo baya. Abin da ya rage mana shi ne tambayar da ya yi wa dattawan nan a 1954: za ku zauna gida ɗaya da shi? Manoma ne marasa ilmin boko, suna da tsoro irin na kowa, amma suka buɗe ƙofofinsu. Marubutanmu masu tasowa, waɗanda alƙalaminsu zai tsara yadda jikokinmu za su kalli mai wannan larura, ya kamata su san cewa an taɓa yin haka a ƙasar nan, kafin su sake ɗora wani a kan juji don a yi dariya.