Kyautar Gida da Harajin Gado a Ingila

A shekarar 1894 Ma'ajin Ingila, Sir William Harcourt, ya kafa harajin gado, watau rabon da Gwamnati ke cira daga dukiyar mamaci kafin magada su raba. Masu dukiya kuwa ba su rasa dabara ba. Sai tsoho ya rubuta wa ɗansa gida tun yana da rai, amma ya ci gaba da kwana a ɗakinsa, don ran da ya mutu a ce bai bar kome ba.

Doka ta riga ta san wannan. Ta ce wanda ya ba da abu amma bai cire hannunsa daga morarsa ba, to, a lissafa abin cikin gadonsa. A 1975 aka soma karɓar haraji tun ranar kyauta, sai ƙa'idar ta kwanta. A 1986 aka tashe ta. Tun daga nan, wanda ya ba da gida ya fita, ya kuma rayu shekara 7, gidan ya tsira. In ya zauna, sai ya biya cikakken kuɗin haya, in ba haka ba gidan na cikin gado.

A 1987 wata dattijuwa, Lady Ingram, ta gwada wata hanya. Ta fara yanka wa kanta iznin zaman shekara 20, sa'an nan ta ba zuriyarta gidan. Ta rasu a 1989. Aka yi ta shari'a har 1998, Majalisar Sarakuna, wadda a lokacin ita ce ƙarshen ɗaukaka ƙara, ta ba magadanta gaskiya, ta ce abin da ta riƙe ba ya cikin abin da ta bayar. Shekara na kewayowa Gwamnati ta gyara doka, ta toshe ƙofar.

Wanda ya karanta Risala ba zai yi mamaki ba. Malamanmu na Malikiyya sun ce kyauta ba ta cika sai an karɓe ta a hannu. In mai bayarwa ya mutu kafin haka, ta koma gado. Su suna tsaron hakkin magada, Turawa suna tsaron baitulmali, amma tambayar alƙali ɗaya ce: wa ke kwana a gidan?