Dogaye Biyu na Houston da Gardamar Fadarmu

Duk lokacin da San Antonio Spurs za ta kara da Houston Rockets, sai ƴan basket na fadodin Ƙonni su rabu gida biyu. Ƙungiyoyin duka biyu na jihar Teksas ne a Amurka, tafiyar awa uku ce tsakaninsu a mota, kuma sun daɗe ba sa ga maciji da juna. Amma ba a kansu ake tada jijiyar wuya ba. A kan yaro ɗaya ne, Victor Wembanyama, Bafaranshen nan ɗan asalin Kwango ta wajen uba, haihuwar 2004, mai tsawon wajen mita 2.24, wanda San Antonio ta ɗauka na farko a zaɓen sabbin ƴan wasan NBA na 2023.

Wasu su ce: "Wanga yaro ya gama da kowa. Shekararshi ta hwarko maki 21 yaka zubawa kowane wasa, ya taɓa cin 50 shi ɗai dare guda. Juma'ar da za ta yi kyau ai tun Laraba aka gane ta." Wasu kuma su ce: "Kai dai bari, aboki. Kamar karan dawa yake. Ba ka ga 2025 ba, ko kaka bai ƙare ba?" Kuma kowa da gaskiyarsa. Maki 50 ɗin ya ci su a kan Washington a watan Nuwamba 2024, sannan a Fabrairu 2025 likitoci suka tsayar da shi saboda gudan jini da suka gano a jijiyar kafaɗarsa.

Abin da ke damuna da gardamar shi ne, wasannin nan ƙarfe 1 ko 2 na dare ake buga su agogonmu. Mafi yawanmu ba wasan muke gani ba, guntun bidiyo ne na minti biyu a salula da safe, kuma bidiyon minti biyu ƙwallon da ta faɗa kwando kaɗai yake nunawa. Da wannan muke yanke wa yaro hukuncin shekara goma sha biyar masu zuwa. Shi ya sa na ga ya dace mu koma baya, don ita Houston ɗin an taɓa yin irin wagga gardama a cikinta sau biyu, shekara biyu a jere, kuma yau mun san yadda kowacce ta ƙare.

A 1983 Houston ce ta samu zaɓin farko, ta ɗauki Ralph Sampson daga jami'ar Virginia. Tsawonsa mita 2.24, daidai da na Wembanyama. Siriri ne, yana gudu, yana tuƙa ƙwallo kamar gajere, kuma sau uku ana ba shi lambar gwarzon ɗan wasan jami'o'in Amurka. A kakarsa ta farko ya riƙa cin maki 21 a kowane wasa, aka ba shi lambar gwarzon sabbin shiga. Wembanyama a tasa kakar ta farko 21.4 ya yi, shi ma aka ba shi wannan lambar. Duk kirarin da muke yi wa Bafaranshen yau, an yi wa Sampson irinsa shekara arba'in da suka wuce.

Shekara ta zagayo, 1984, Houston ta sake samun zaɓin farko bayan an jefa kwabo tsakaninta da Portland. Ta ɗauki wani dogon kuma, ɗan Najeriya, Akeem Olajuwon (a 1991 ne ya gyara rubutun sunan ya koma Hakeem). Portland ta ɗauki Sam Bowie na biyu, Chicago ta ɗauki Michael Jordan na uku.

A nan nake so in ɗan daɗe, don labarin Hakeem ya biyo ta kusa da gida fiye da yadda da yawa cikinmu suka sani. An haife shi a Legas a watan Janairu 1963. Yana yaro gola ne a ƙwallon ƙafa, kuma ɗan ƙwallon hannu ne. Basket bai shige ta ba sai da ya kai shekara 15. Makarantarsu, Muslim Teachers College ta Legas, ta zo wata gasar wasanni ta makarantun horon malamai na Najeriya da aka yi a Sakkwato. Shi yana cikin tawagar ƙwallon hannu. Wani ɗalibi ɗan uwansa ne ya je ya roƙi mai horar da ƴan basket da ya bar dogon nan ya buga musu, aka yarda. Ke nan gasar basket ta farko ta mutumin da daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan ƴan wasan duniya, a Sakkwato aka yi ta. Daga Ƙonni, ka ƙetara iyaka ka bi ta Illela (ta Najeriya nake nufi, ba Illelarmu ta hanyar Tawa ba), ba ka cika kilomita 100 ba ka isa.

To ku yi tunanin ƴan kallon ranar. Da an tambaye su makomar yaron, mi za su ce? Dogo ne, awo, amma bai san dokokin wasan ba, hannunsa bai saba da kwando ba. Da maki ake auna mutum, da babu wanda zai ba shi ko dala. Abin da ke gare shi ba ya fitowa a takardar lissafi: ƙafafun gola, masu saurin juyawa hagu da dama, da idon da ya saba karanta inda ƙwallo za ta bi kafin ta bi. Shi da kansa ya sha faɗin cewa ƙwallon ƙafa ce ta ba shi wannan.

Ina ganin wannan ya shafe mu kai tsaye. A kowace lise da kowace CEG, daga Ƙonni zuwa Malbaza, Galmi, Illela da Badagishiri, akwai dogon yaron da ake turawa gola don an ce ba ya iya gudu, ana yi masa laƙabi da falwaya. Akwai doguwar yarinyar da ke takure kafaɗa don kar a gan ta. Muna iya kwana muna musu a kan yaron da ke Teksas, amma waɗannan babu wanda ya taɓa miƙa musu ƙwallon basket ya ga abin da za su yi da ita. Hakeem ba wani ɗan leƙen gwanaye daga Amurka ne ya fara gano shi ba. Gasar makarantu ce, da abokin karatu mai ido, da malamin da bai ce a'a ba. Ukun nan babu wanda ya fi ƙarfinmu. Mun ma san yadda abin yake a kokawa: tun 1975 da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, ƴan kokawa daga filin ƙauye suke tasowa bayan girbi, tsofaffi na kallo suna cewa wane yana da ƙugu, wane ƙarfi kawai gare shi. Tsofaffin nan ba kaye nawa yaro ya yi suke ƙirgawa ba, tsayuwarsa suke duba.

Mu koma ga Hakeem. A 1980 ya sauka jami'ar Houston wurin koci Guy Lewis. Shekarar farko bai buga ba sam. Ta biyu daga benci yake shigowa, maki 8 yake samu a wasa. Abin da ya canza shi hutun 1982 ne, lokacin da ya riƙa zuwa wani ɗakin wasa na unguwa mai suna Fonde yana gogawa da Moses Malone, wanda a lokacin shi ne gwarzon NBA kuma ɗan wasan Rockets. Malone bai tausaya masa ba, tura shi yake da ƙirji da kafaɗa kullum. Bayan nan jami'arsu ta kai wasan ƙarshe na ƙasa sau biyu a jere, ta sha kashi sau biyu: 1983 a hannun North Carolina State da ci 54 da 52, 1984 a hannun Georgetown ta Patrick Ewing. Ko a shekararsa ta ƙarshe a jami'a makinsa bai kai 17 a wasa ba. Don tsaro aka ɗauke shi, don kaɗe ƙwallo da cafke wadda ta dawo daga kwando.

Sai ga su biyu a ƙungiya ɗaya, Sampson da Olajuwon. Hakeem ya yi 20.6 a kakarsa ta farko, wato kusan abin da Sampson ya yi a tasa. A 1986 suka fitar da Los Angeles Lakers ta Magic Johnson da Kareem Abdul-Jabbar, masu riƙe da kofi, da wasa 4 da 1, kuma Sampson ne ya jefa ƙwallon da ta rufe zancen a daƙiƙar ƙarshe, yana juyi a sama. Boston ta doke su a karawar ƙarshe, 4 da 2, amma kowa ya ɗauka shekaru goma masu zuwa nasu ne. Da a ce fadarmu na nan a lokacin, na tabbata da yawa Sampson za su zaɓa: ya fi tsawo, ya fi suna, ya fi kyan kallo.

Gwiwa ce ta ci amanarsa. Ciwo bayan ciwo, tiyata bayan tiyata, a Disamba 1987 Houston ta miƙa shi ga Golden State, kuma bai sake komawa yadda yake ba. Ba lalaci ba ne, ba rashin gwaninta ba. Sam Bowie ma, wanda Portland ta fifita a kan Jordan, karayar ƙafa ce ta riƙa mayar da shi baya. Masu cewa Wembanyama karan dawa ne, a nan hujjarsu take, kuma ba ƙaramar hujja ba ce.

Shi kuwa Hakeem hanyarsa ba ta miƙe ba. Shekaru sun wuce yana cin maki, ƙungiyar na faɗuwa a zagayen farko. A 1992 ba su ma shiga zagayen neman kofi ba, ya samu saɓani da shugabannin ƙungiyar har ya nemi a sayar da shi. A lokacin Jordan ya riga ya fara tara kofuna. Sai 1994, shekara goma cif bayan zaɓensa, yana da shekara 31, ya ɗauki kofin farko, kuma a kan New York ta Patrick Ewing, mutumin da ya hana shi kofin jami'a. Ku lura da yadda aka yi. A wasa na shida New York na gaba da wasa 3 da 2, saura daƙiƙu, John Starks ya tashi zai jefa mai maki uku da za ta ba su kofin. Hakeem ya taso ya taɓa ƙwallon da ɗan yatsa, aka tashi 86 da 84. Wannan taɓawar ba ta ƙara masa maki ko ɗaya ba, amma ba don ita ba da babu wasa na bakwai. A shekarar ya haɗa lambobi uku: gwarzon kaka, gwarzon mai tsaro, da gwarzon karawar ƙarshe.

Sai 1995, wadda ita ce asalin zafin gabar Houston da San Antonio. San Antonio ta fi kowa a kakar, ta ci wasa 62. Dogonta David Robinson shi aka zaɓa gwarzo, mutumin da shekara guda kafin nan ya zuba maki 71 a wasa ɗaya. Houston kuwa ta shida ta zo a yankin yamma, da nasara 47. A watan Fabrairun shekarar Hakeem yana azumin Ramadan yana buga wasa, kuma shi aka ba lambar gwarzon watan. Da suka haɗu a karawar da za ta fitar da zakaran yamma, a gaban idonsa aka miƙa wa Robinson lambar gwarzo a filin San Antonio. A wasanni shidan Hakeem ya ci 27, 41, 43, 20, 42 da 39. Robinson bai kai 24 a wasa ba. Wanda bai taɓa ganin bidiyon ba ya nema: Hakeem ya yi kamar zai bi dama, Robinson ya bi, ya juya hagu, ya ɗaga ƙwallo kamar zai jefa, Robinson ya yi tsalle, shi kuwa ya sunkuya ya wuce ta ƙasan hannunsa. Ƙafafun gola ne, bayan shekara goma sha bakwai ana wasa su. Daga nan suka share Orlando ta Shaquille O'Neal 4 da 0.

Don haka idan aka ce in faɗi ra'ayina a kan Wembanyama, ni ba zan shiga layin masu ƙirga maki ba, ko da ya ci 40 a kan Houston gobe. Maki 21 na shekarar farko Sampson ya yi su, Hakeem ya yi kusan su, kuma ba su nuna mana wanda zai kai ba. Zan duba wasa nawa jikinsa ke ɗauka a kaka, yadda yake sauka idan ya yi tsalle, ko yana da abin yi idan jifa daga nesa ta ƙi shiga, da kuma ko yana komawa tsaro da gudu a kashi na huɗu lokacin da numfashi ya ƙare. A tsaro dai ya riga ya nuna alama, don tun kakarsa ta farko shi ya fi kowa kaɗe ƙwallo a NBA. Saura kuwa sai an ba shi shekarun da aka ba Hakeem.

Hakeem ya ajiye wasa a 2002 a Toronto, da maki 26,946 da kaɗe ƙwallo 3,830, kuma wannan adadi na biyu har yau babu wanda ya kamo shi. Bayan ya huta, manyan masu cin maki suka riƙa bin sa har gida a Houston, Kobe Bryant a 2009, LeBron James a 2011, yana nuna musu inda ake aje ƙafar hagu kafin a juya.